Maɓoya a Ɗakin Waken Mal-sun

A kasuwar da ke gangaren tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Incheon, ba kowa ne ya san sunan Gwak Mal-sun ba. 'Yar Yonbek ake ce mata, da sunan garin da aka haife ta, wanda yanzu yake tsallaken ruwa a hannun Koriya ta Arewa. Awara take yi, kuma tun tana amarya a gida ɗaya take yin ta: shago a gaba, tukwane a tsakar gida, sai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda take jibge buhunan waken suya saboda sanyin wurin.

Tana da shekara goma sha huɗu, a tsakiyar sanyin 1951, mahaifinta ya ɗora ta a kwalekwale suka tsallako wani tsibiri, don yaƙi ya doso garinsu. Uwarta da yayanta Man-ho suka tsaya gadin gida da saniya. Kwana goma aka ce za a yi a koma. Da aka tsagaita wuta aka ja iyaka ta tsakiyar ruwan, Yonbek ta faɗa wancan gefen. Mahaifin ya shekara shida yana hangen gonarsa daga bakin gaɓa har ya rasu. Ita kuwa ta gangaro Incheon aikatau gidan wata mai awara, ta koyi jiƙa wake da markaɗe da tacewa, ta koyi yawan ruwan gishirin tekun da ake zubawa madarar ta kama jikinta. A nan wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Pyo Dok-bae ya riƙa zuwa yana sayen awarar da ta fi ƙarfin cikin mutum ɗaya, har dai aka gane inda ya dosa aka yi musu aure.

Dok-bae ba mugun miji ba ne. Ya yi yaƙi yana ɗan shekara ashirin, ya fito da igiya biyu a kafaɗa da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, sannan ya shekara talatin yana juya layin dogo ba a taɓa kuka da shi ba. Suka haifi ɗa guda, Gi-tae, ya girma ya yi aure ya koma Busan can kudu. Matsalar Dok-bae ta fara ne daga ranar da ya yi ritaya. Mutumin da ya saba tare haɗari kafin ya faru, sai ga shi zaune ba jirgin da zai tare. Ya koma karatun jarida tun daga shafin farko har tallan magani, rediyo kuma tana manne a kunnensa mai lafiya.

A shekarar 1994 ya sami abin yi. Tun bara ake ta maganar cewa mutanen Arewa suna haɗa makamin nukiliya a ɓoye a wani wuri mai suna Yongbyon. Su sun ce wutar lantarki suke nema, masu bincike na duniya sun ce a bar su su duba, an hana su. Wasu suka ce makamin ya riga ya haɗu, wasu suka ce saura kaɗan, wasu suka ce barazana ce kawai. Babu wanda ya gani da idonsa. Da aka shiga watan Yuni sai magana ta koma ta takunkumi da yaƙi, mata suka yi layi a shaguna suna kwasar taliyar leda da kyandir da gwangwanin gas.

"Uwar Gi-tae, kin ji abin da suka ce yau?" Haka yake tarar ta kowace safiya, tana tsaye kan tukunya.

"Na ji, Baban Gi-tae. Ɗaga ƙafarka, ruwa zan zubar."

"Ba ki ji ba. Ɗaya ake zaton suna da shi, ko biyu."

"Jiya ma zato ka ce. Shekaranjiya ma zato. Ranar da suka gama zaton ka zo ka faɗa mini."

Ita ma ba rashin tsoro ne da ita ba. Ta san yaƙi, ta san ƙarar da yake yi. Abin da ta sani kuma shi ne, ko za a yi ko ba za a yi ba, waken da aka jiƙa ba ya jiran labaran ƙarfe tara.

Wata Asabar ta dawo daga kai awara gidajen abinci, ta tarar da buhunan wakenta goma sha biyu a jibge a tsakar gida, rana na dukansu. A bakin matakalar ɗakin ƙasa kuwa Bong mai walda ne durƙushe, tartsatsi na tashi, yana liƙa faranti na ƙarfe a jikin tsohuwar ƙofar katako.

Ta ajiye kwandonta a hankali. "Mene ne wannan?"

Bong ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dubi Dok-bae, ya mayar da gilashin. Dok-bae ya gyara murya ya ce ofishin unguwa ne ya nemi a ba da sunayen gidajen da ke da ɗakin ƙasa, don a mai da su maɓoya in abu ya ɓaci, shi kuma ya ba da nasu.

"Namu?"

"To na waye?"

"Kai, tsoho, shekara talatin da uku da aurenmu, sau nawa ka sauka ɗakin nan? Ko ɓera ya fi ka sanin hanyarsa."

"Ran mutane ake magana, ke kina ta wake."

"Waken ne ya riƙe ranka har ka kai yau."

Ya ci gaba da yanka tsohuwar robar taya yana manna ta a gefen ƙofa, wai don kada iska mai guba ta shiga. Ƙaramar tagar da ke shigo da iska ta sama ma ya toshe ta da bulo da siminti. Ta ce masa ɗakin zai yi gumi. Ya juya mata kunnen da ba ya ji.

Ranar Litinin wani jami'i mai suna Tak ya zo daga ofishin unguwa da awo a hannu. Mutum ne mai ladabi, ya rusuna ya gaishe ta, ya sauka ya auna tsawo da faɗi, ya fito ya manna takarda a ƙofar shagonta: maɓoya, mutum ashirin da biyu.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ashirin da biyu a tsaye ko a kwance?"

"A zaune, Goggo. An ƙididdige."

"In abin nan da ake faɗa ya faɗo, wannan ƙofar za ta tare shi?"

Tak ya yi ɗan murmushi ya dubi takardarsa. "Ni dai awo aka aiko ni, Goggo."

Kafin yamma labari ya zaga layin. Maƙwabta suka fara kawo kaya don kama wuri. Uwar Hye-ja mai shagon ɗinki, ƙawarta ta shekara da shekaru, ta zo da bargo biyu da tulun kimchi, tsimammen kabejin nan mai yaji, ta ce a ajiye mata kusa da bango saboda bayanta. Mai aski ya kawo katan uku na taliya ya rubuta sunansa a kai. Wata tsohuwa ta kawo kejin tsuntsu tana tambaya ko shi ma za a lissafa shi cikin ashirin da biyun. Duk wanda ya shigo ta tsakar gidan yake bi, ta tsakanin tukwane, yana taka ruwan wake yana kai shi matakala. Dok-bae ya zauna a kujera da littafi yana rubuta sunaye, fuskarsa ta yi wani haske da rabonta da ganinsa tun yana aikin jirgi.

Da magariba abokansa uku suka zauna a ƙofar shago suna shan ruwan sha'ir mai sanyi. Tana wanke ƙyallen tace madarar wake ta ji muryar mijinta ta ɗaga.

"Ni a ganina a daina lallaɓa su. Amurka ta tashi jirage ta ruguza Yongbyon ɗin tun makamin bai gama haɗuwa ba. A yi sau ɗaya a huta."

Ta fito hannunta na ɗigar ruwa. "A ruguza ina?"

"Yongbyon na ce, ba Yonbek ba. Akwai nisa tsakaninsu."

"In aka fara, wa zai tsaya tantance suna? Yayana in yana raye bana shekararsa sittin da ɗaya. Ka faɗa wa jiragen naka su kauce masa."

Abokan suka dubi kofunansu. Ɗaya ya tuna yana da saƙo a gida, sauran ma suka tuna.

Ba ta gama hucewa ba waya ta yi ƙara. Gi-tae ne daga Busan, muryarsa a sama. "Mama, ku rufe shagon nan ku shigo jirgi gobe. Kuna kusa da iyaka da yawa. Ko kwana goma ne ku yi, in an ga yadda abin ya kasance sai ku koma."

Kwana goma aka ce mata a Yonbek ma. Ya ce, "Mama, kina ji na?"

"Ina jin ka. Ka gaida matarka." Ta ajiye wayar.

A daren aka yi ɗan yayyafi, ba mai yawa ba, iyakar wanda zai jiƙa buhu huɗu na sama. Da safe ta baza waken a tabarma tana tsince wanda ya kumbura, Dok-bae kuma ya bi ta gefen bango ya wuce.

Ranar Laraba, sha biyar ga wata, ita ce ranar atisayen kare kai, kuma saboda halin da ake ciki aka ce na wannan watan da gaske za a yi shi. Tak ya zo da kansa don ya ga yadda sabuwar maɓoyar za ta yi aiki. Ƙarfe biyu daidai jiniya ta ɗauka. Motoci suka tsaya a titi, mutanen layin suka biyo tsakar gida ɗaya bayan ɗaya suka sauka, Dok-bae na tsaye a bakin matakala da hular ƙarfe yana kiran suna.

Lokacin zafi sau biyu take yin awara, don ta safe ba ta kai yamma. A daidai lokacin madarar yamma ta fara tafasa.

"Uwar Gi-tae, saura ke."

"Ku je, ina zuwa bayan yaƙin."

"Ga jami'i nan yana kallo."

"Ya kalla. In na bar tukunyar nan shi zai sayar da ƙonanniya?"

Ya yi tsaki ya sauka. Ta ji ya ja ƙofar nan mai nauyi, ta ƙi rufuwa, ya ce a taya shi, aka ja da ƙarfi ta shige da wata ƙara mai kauri.

Gidan ya yi tsit, irin shirun da rabonta da shi kusan mako guda. Ta rage wuta, ta kwashe kumfa, har ta sami kanta tana ɗan waƙa. Bayan minti ashirin jiniyar sallama ta yi kuka, motoci suka ci gaba da tafiya. Babu wanda ya fito. Ta ce a ranta tsohon ya sami masu sauraro da ba su da hanyar gudu, lacca yake yi musu. Ta ɗauko ruwan gishiri ta fara zubawa kaɗan-kaɗan tana juyawa, wanda shi ne wurin da aikin ba ya son a ɗauke ido.

Sai ta ji bugu daga ƙasa. Ta ci gaba da juyawa. Bugun ya ƙaru, ya koma na hannu da yawa, da muryar Uwar Hye-ja tana kiran sunanta na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ajiye ludayin ta sauka matakala. "Me ya faru?"

Muryar mijinta ta fito ƙasa-ƙasa ta bayan ƙarfe. "Ƙofar ta ɗan riƙe."

"Ta ɗan riƙe."

"Ja ta wajenki, mu tura."

Ta ja, suka tura. Nauyin farantin ya sa ƙofar ta zauna a kan dandamali, robar kuma ta cushe ko'ina, ko motsi ba ta yi. Ta ce bari ta ruga ta kira Bong mai walda.

"Ina ciki, Goggo," in ji Bong.

"To jami'in ya kira ofishinsu."

"Ni ma ina ciki, Goggo," in ji Tak, da muryar da ladabinta ya fara ƙarewa. "Iska ta yi ƙaranci. Wata baiwar Allah ta zauna a ƙasa, numfashinta ba daidai ba."

Nan Mal-sun ta bar faɗa. Ta hau da gudu irin wanda gwiwoyinta suka manta, ta ɗauko gudumar fasa gawayi, ta zaga bayan gida inda tagar take dab da ƙasa. Simintin kwana huɗu ne, bai gama ƙarfi ba. Ta ce su matsa daga bango, ta doka sau bakwai ko takwas, bulo ya rufta ciki, wani zafi mai warin gumi da kimchi ya bugi fuskarta. Ta miƙa musu butar ruwa da mafici ta ramin.

Sannan ta koma ƙofa. Bong yana ba ta umarni daga ciki: ƙusoshin maratayar ƙofar suna ta wajenta, ta sa kurfi a ƙarƙashin kowanne ta doka sama. Na sama ya fita da sauƙi. Na ƙasa ya yi tsatsa, ta doki babban yatsanta sau biyu, ta faɗi wasu kalmomi na mutanen Yonbek da ba wanda ya san tana da su. Wasu 'yan dako biyu daga kasuwa suka ji hayaniya suka shigo, suka sa ƙarfe suka ɓanɓare ƙofar, ta faɗo kan matakala.

Mutum goma sha tara suka fito ɗaya bayan ɗaya, jiƙe sharkaf, sun fi awa ɗaya a ciki. Tsohuwa mai tsuntsu ce ta jigata, aka kwantar da ita a inuwa aka yi mata fifita har ta dawo daidai, abin da ta fara tambaya kuma kejinta ne. Tak ya rusuna wa Mal-sun har sau biyu, ya wuce ƙofar shago ya ɓalle takardarsa ya ninke ya sa aljihu. Uwar Hye-ja ta fito rungume da tulunta ta ce, "'Yar Yonbek, in yaƙin ya zo ni a gadona zai same ni."

Tukunyar kuwa ta kama a ƙasa, awarar ta tsinke ta zama gutsi-gutsi mai warin hayaƙi. Ranar gidajen abinci uku ba su sami ta yamma ba.

Da rana ta yi sanyi ta same shi zaune a matakala ta ƙarshe, hular ƙarfen a gefensa. Ta zo da maganganu cike da baki, ta tsara su tun tana kankare tukunya. Shi ya riga ta.

"Lokacin yaƙi, shekarar da aka kai mu gabas, akwai wani ƙauye," ya ce, bai ɗago ba. "Mutanen sun ji jirage suka kwanta a kwalbati, ba rufi. Mu aka sa muka kwashe su. Tun da aka fara maganar nan su nake gani. Na ce ko rufi ne dai a samu."

Shekara talatin da uku bai taɓa faɗa mata wannan ba. Ta tsaya da yatsanta a naɗe da tsumma, haushin yana nan bai tafi ba, sai dai ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta koma ta ɗebo abin da ya tsira daga tukunyar, ta zuba masa miyar waken soya da albasa ta miƙa masa.

"Ci, kai ka dafa. Gobe wakena ya koma ɗakinsa, a buɗe tagata. Lungun hagu na bar maka, ka sa ruwanka da kyandir ɗinka. Ƙofa kuma ta katako."

Ya ci duka, har warin hayaƙin.

Kwana biyu bayan haka labari ya juya. Wani tsohon shugaban Amurka ya je Pyongyang, babban birnin Arewa, aka ce an sasanta, har ma shugabannin Kudu da Arewa za su zauna a ƙarshen Yuli, abin da ba a taɓa yi ba. Masu taliya suka zo suka kwashe katan-katan ɗinsu suna kauda kai. Wannan karon Mal-sun ce ta kasa zama. Ta sa rigarta ta fita unguwa ta je aka ɗauke ta hoto, ta rubuta sunanta da na Man-ho da na uwarsu a bayansa, ta kai inda ake karɓar sunayen iyalan da yaƙi ya raba. Ta fara tambayar Dok-bae abin da jarida ta ce, shi kuma yana karanta mata a hankali, ba ya ƙara nasa.

Ranar tara ga Yuli da tsakar rana rediyo ta ce shugaban Arewa ya mutu. Kasuwa ta ɗauki sowa, wasu har da tafi. Aka fasa zaman. Ita tana yanka awara a lokacin, ta gama yanka layin da ta fara, ta ɗauraye wuƙar, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Dok-bae ne ya tsaya a shago har yamma, yana ba mutane canji ba daidai ba.

Ta ƙara shekara goma tana sana'arta. Da aka fara haɗa iyalai ta hanyar ƙuri'a ta bi kowane zagaye, sunanta bai taɓa fitowa ba, kuma ba ta taɓa samun labarin Man-ho ba. Dok-bae ya rasu a farkon 2005 bayan gajeriyar jinya. Gwiwoyinta suka ƙi matakala, ta sayar da gidan ta koma wurin Gi-tae a Busan, hawa na tara a bene mai na'urar hawa.

A can take a watan Oktoba na 2006, ranar da talabijin ya ce Arewa ta gwada makamin a ƙarƙashin dutse, zato ya ƙare. Ta yini tana faɗa. Ta ce shinkafa ta yi ruwa, ta ce an bar takalma a hanya, ta ce mai karanta labaran ba ya buɗe baki. Surukarta ta ja Gi-tae gefe ta tambaye shi ko ta yi wani laifi ne, ya ce ta ƙyale ta kawai.

Da suka zauna cin abincin yamma Mal-sun ta ajiye cokalinta.

"Gi-tae, ran Lahadi ka sa mai a mota, za ka kai ni kabarin ubanka."

"Mama, ai watan jiya muka je."

"Na sani. Labari zan kai masa. In ba ni na faɗa masa da bakina ba, cewa zai yi ɓoye masa na yi don kada ya ce ya faɗa."

Ran Lahadi tun da sassafe ta riga kowa shiryawa, ta sayi jaridar ranar a ƙofar gida, suka kama hanyar Incheon.